Ku Tambayi Baba Malam: Bencin Baya, Albashin Malami Da Makomar Kaka

Salama gareku masu karatu. Saƙonni sun taru sosai a wannan watan, wasu ta WhatsApp wasu a takarda, na ɗauki uku a ciki, sauran ku ƙara haƙuri zamu kai kansu. Sunaye kam na cire kamar yadda muka saba.

Tambaya: Baba Malam ina wuni, ya aiki ya iyali. Dan Allah ina da damuwa. Ƙanwata ce tayi ciki ba aure, shekarunta 19, tana cikin kwaya, wato mawaƙan coci. Dattawa suka zauna suka sa ta a horo, aka karanta sunanta ranar Lahadi a gaban jama'a, yanzu wata bakwai kenan tana bencin baya bata cin jibin Ubangiji. Ni bance batayi laifi ba. Amma wanda yayi mata cikin kowa ya sanshi, babansa ne ya sayi janareton coci da rabin kwanon rufi, shi ba'a ce masa uffan ba an dai turashi wajen kawunsa a Abuja, da Kirsimeti ma ya dawo ya ɗauki jita ya hau gaba kamar ba abinda ya faru. Baba na daina zuwa coci, in naji ana wa'azin alheri sai raina ya dinga tafasa. Laifi nakeyi? Daga wata 'yar'uwa a Saminaka.

Amsa: Sannu 'yata, Allah ya sanyaya miki. Fushin da kikeyi ba laifi bane, abinda kika gani ɗin nan sunansa munafunci kuma Yesu da kansa ya fiki jin haushinsa. Ki buɗe Yohanna sura 8 ki karanta a hankali, malaman Attaura da Farisiyawa sun jawo mace sukace an kamata tana cikin zina, to ina namijin? Ai zina ba'a yinta da mutum ɗaya, kuma dokar da suke fakewa da ita a Littafin Firistoci 20:10 ta ambaci namijin da macen duka biyu. Sun ɗauki rabin doka sun bar rabi, rabin da ya faɗa kan mara gata. Kinga kenan abin ba yau ya fara ba. A Matiyu 23 kuwa babu sassauci, yace musu suna fidda zakkar ɗan ganyen miya amma sun watsar da adalci da jinƙai, suna tace ƙwaro daga ruwan sha suna haɗiye raƙumi. Kalmar da aka fassara mana da munafuki a Girkanci asalinta ɗan wasan kwaikwayo ne, wanda yake sa fuskar wani ya hau dandamali.

Zan faɗa miki wani abu da har yau yake cina. Shekarun baya ina sakataren majalisar dattawa a wata ikilisiya, ni da bakina na karanta sunan wata yarinya kamar ƙanwarki. Ina tuna uwarta a layi na uku cikin zanen Zumuntar Mata, ta ja gefen ɗankwali ta rufe fuska har aka tashi bata ɗago ba. Ranar jibi tiren nan mai ƙananan kofuna ya bi layi layi, da ya zo daf da bencin da yarinyar take sai mai rabon ya juya ya koma gaba, ita kuma ta sunkuyar da kai tana murza yatsunta. Sunan yaron ba'a bani in karanta ba, ni kuma ban tambaya ba don nasan ɗan waye. Sai bayan shekaru naje har gidan mijinta na roƙi gafara, ta yafe min, amma abinda aka riga akayi mata anyi.

Horo yana cikin Littafi, bazan ce miki babu shi ba. Sai dai ki duba 1 Korantiyawa 5, wanda Bulus yace a hora ɗin namiji ne, sannan a 2 Korantiyawa 2 yana roƙon ikilisiya su yafe wa mai laifi su ƙarfafa shi kada baƙin ciki ya cinye shi. Wato horo magani ne, yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Yakubu 2 kuma ya hana a ba mai zoben zinariya kujera mai kyau a ce wa talaka zauna ƙasa, janareto da kwanon rufi kuwa ai sune zoben zinariyar zamaninmu.

Kince wa'azin alheri yana tafasa miki rai, to bari mu tsaya a kan kalmar. Mu Hausawa muna cewa alheri danƙo ne baya faɗuwa ƙasa banza, alheri gadon barci ne, duk gaskiya ne a zaman duniya amma kinga a cikinsu akwai lissafi, kayi don ya dawo maka wata rana. Alherin da Afisawa 2:8-9 take magana ba biki bane da ake ramawa, kyauta ce zalla ga wanda baida abin mayarwa, kuma dalilin da Bulus ya bayar shine don kada kowa yayi fahariya. Ki tuna misalin 'yan ƙodago a Matiyu 20, mai gona ya ɗauki wasu da sassafe, wasu da hantsi, wasu da rana tsaka, wasu saura awa ɗaya a tashi, da yamma ya ba kowa dinari ɗaya, waɗanda suka sha rana tun safe suka hau gunaguni. Dattijon da yake raba jibi da yarinyar da take bencin baya duk dinari ɗaya ne, ba wanda ya saya da guminsa. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na 'yar shekara 19.

Shi yaron kuma kada kiyi zaton gata akayi masa. Wani fasto Bajamushe, Bonhofa, wanda gwamnatin Hitila ta rataye a watan Afrilu 1945, ya kira irin wannan alheri mai arha, wato gafara ba tare da tuba ba. An barshi da jita a hannu da zunubi a wuya, ga ɗa na zuwa da ba'a koya masa ɗaukar nauyinsa ba.

Abinda nake so kiyi, ki nemi mace ɗaya ko biyu masu hankali cikin shugabannin Zumuntar Mata, kuje wajen fasto cikin ladabi ku tambayeshi abu biyu, yaushe horon zai ƙare, kuma me aka yanke akan namijin da kula da jaririn. In ya toshe kunne akwai na gaba dashi a gunduma, ku rubuta takarda. Ranar Lahadi kuma ki koma, kije ki zauna kusa da ƙanwarki a bencin bayan nan, wata bakwai ita kaɗai yayi yawa.

Tambaya: Baba barka da aiki. Ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta ta wani bawan Allah, wata huɗu ba albashi. Duk sanda muka yi magana sai yace Kirista tawali'u aka sanshi dashi, mu bar wa Allah. Shin tambayar haƙƙina girman kai ne? Daga wani malamin firamare a Kafanchan.

Amsa: A'a ɗana, ko kaɗan. Yakubu 5:4 yace ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka kuma kukan ya kai kunnen Ubangiji, ka kai masa ayar ya karanta da kansa. Tawali'u abu ne da mai ƙarfi yake ɗora wa kansa, ba sanda bace da ake dukan na ƙasa da ita. A Yohanna 13 Ubangiji ne ya tuɓe mayafi ya ɗaura tawul ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajirai, bai ce su wanke nasa ba, Filibiyawa 2 ma daga sama zuwa ƙasa take tafiya. Kuma shi Yesun da aka mareshi a gaban babban firist ya buɗe baki ya tambayi dalili, Bulus kuma da aka yi masa bulala a Filibi ba shari'a aka zo sallamarsa a ɓoye yaƙi fita, yace sai mahukuntan sun zo da kansu. Agustin, wani babban bishof na zamanin da, ya taɓa rubuta wa wani ɗalibi cewa hanyar nan farkonta tawali'u ne, na biyu tawali'u, na uku ma tawali'u, na yarda dashi ɗari bisa ɗari, amma naka tawali'un anan shine kayi maganar ba zagi ba cin mutunci, kada kuma ka huce akan yaran aji. Ku haɗu ku malaman ku rubuta abinda kuke bi wata wata ku sa hannu, ku nemi ya faɗi ranar biya.

Tambaya: Baba Malam ina gaisuwa. Kakata ce ta raineni tun ina goye bayan rasuwar mahaifiyata, Bamagujiya ce bata taɓa shiga coci ba har ta rasu bara. Matar nan Baba ko baƙo ne ya biyo ta ƙofar gidanmu da rana sai ta dama masa fura, ita ta sayar da akuyoyinta ta biya min kuɗin makarantar mishan, ranar da akayi min baftisma harda guɗa tayi. Wajen zaman makoki wani mai bishara ya miƙe a gaban mutane yace tsohuwa ta tafi wuta, mu ɗauki darasi. Tun ranar bana barci sosai. Kwanan nan naga bidiyo a YouTube wani fasto Ba'amurke yana cewa a ƙarshe kowa da kowa zai sami ceto. Gaskiya ne? In na yarda da haka na fita daga bangaskiya? Daga wani ɗan'uwa a yankin Malumfashi.

Amsa: Allah ya baka haƙuri ɗana, na karanta saƙonka sau uku kafin in ɗauki biro. Abu na farko, mai bisharan nan ya wuce gona da iri, ya hau kujerar da ba tashi ba. Ba fasto, ba bishof, ba ni ba, babu wanda aka ba littafin rai ya riƙe. Wanda ya tsaya nesa da gicciye ranar Juma'ar nan ya ga ɓarawon da ke gefen Yesu zai rantse ya hallaka, alhali 'yan kalmomi ne suka shiga tsakaninsu a numfashin ƙarshe aka yi masa alkawarin Firdausi. Cocin Katolika ma da take da jerin waliyyai masu yawa bata taɓa fitar da sanarwa ta kama sunan mutum ɗaya tace wane yana wuta ba.

Maganar ceton kowa da kowa kuwa ba a YouTube ta fara ba, tsohuwa ce ƙwarai. Orijin, babban malami a Iskandariya ta Masar wanda aka haifa wajen shekara ta 185, ya koyar cewa wutar hukunci irin ta maƙeri ce, tana cinye tsatsa ne ta bar ƙarfe, kuma a ƙarshe Allah zai maido da dukan abu wurinsa. Giragori na Nisa, bishof a ƙasar da take Turkiyya yanzu a ƙarni na 4, shima ya rubuta kusan haka, sannan Ishaku na Nineba a ƙarni na 7. Ba da ka suke magana ba, suna da ayoyi. Romawa 5:18 tace kamar yadda laifin mutum ɗaya ya jawo hukunci kan dukan mutane haka aikin adalcin mutum ɗaya ya kawo rai ga dukan mutane, 1 Korantiyawa 15:22 ta jera Adamu da Almasihu da kalmar duka a kowane gefe, Kolosiyawa 1:20 tana maganar sulhunta dukan abubuwa, 1 Timoti 2:4 kuma tace Allah yana so dukan mutane su sami ceto. Sai su tambaya, abinda Allah yake so zai gagareshi ne?

Amma galibin ikilisiya bata bi wannan hanyar ba, kuma itama da dalilanta masu nauyi. Agustin, ɗan Afirka ne bishof na Hippo wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya rasu a 430, ya san masu wannan ra'ayin da yawa a zamaninsa yana kiransu masu taushin zuciya, amma ya ƙi maganarsu. Hujjarsa Matiyu 25:46, inda kalma ɗaya tak ta siffanta hukunci ta kuma siffanta rai, masu ceton kowa suna cewa kalmar tana iya nufin wani zamani mai tsawo da zai ƙare, shi kuma yace in hukuncin zai ƙare to ran ma zai ƙare kenan tunda a jimla ɗaya suke. A 543 sarkin Rumawa Justiniyan ya fitar da doka akan koyarwar Orijin, a 553 kuma babban taron bishof bishof a Kustantiniya, Istanbul ta yanzu, ya sa sunansa cikin masu karkatacciyar koyarwa. Giragori dai ba'a taɓa la'antarsa ba, har gobe waliyyi ne wajen Katolika da Otodoks, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin ba kai tsaye yake ba kamar yadda ake yanke shi a guruf guruf na WhatsApp.

A nan gida ma an yi wannan muhawarar. Byang Kato, mutumin Kwoi a kudancin Kaduna, wanda ya riƙe babban sakataren cocin ECWA daga baya ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka duka, akan wannan batun yayi digirinsa na dakta a Dalas ta Amurka. Yana ganin wasu malaman tauhidi na Afirka irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Najeriya suna ɗaukaka addinin gargajiya har abin yana gangarawa zuwa cewa kowace hanya tana kaiwa, shi kuma ya tsaya akan Ayyukan Manzanni 4:12 cewa babu ceto ta wurin wani suna. Kuma ba daga nesa yake magana ba, shi kansa a gidan masu addinin gargajiya aka haifeshi. Ya rasu a teku kusa da Mombasa a Disamba 1975 yana da shekara 39, amma yawancin fastocinmu na arewa har yau akan layinsa suke. A Amurka kuwa wani bishof na Fentikos a garin Tulsa, Carlton Pearson, da ya fara wa'azin ceton kowa dubban mutanen cocinsa suka watse, a 2004 wata majalisar bishof bishof ta ayyana koyarwarsa a matsayin ɓata.

Akwai kuma na tsakiya, kuma ina ganin su suka fi kusa da tambayarka. Babban taron Katolika na Batikan na biyu a 1964 ya rubuta cewa wanda bai san bishara ba ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya yana bin lamirinsa, zai iya samun ceto, kuma ceton nan ta wurin alherin Almasihu ne dai ba ta wata ƙofa ba. Suna dogara da Romawa 2:14-16 inda Bulus yake maganar al'ummai marasa Doka da Dokar take rubuce a zuciyarsu. Wannan ba ceton kowa da kowa bane, cewa ne kawai hannun Allah ya fi katangar coci tsawo. Masu bishara da yawa basu yarda da hakan ba, wasu kuma sun yarda.

Ka tambayi ra'ayina to gashi. Bana koyar da cewa tabbas kowa zai tsira, domin gargaɗin Yesu akan hukunci yayi yawa kuma yayi nauyi, bazan iya share shi don in faranta maka ba, in nayi haka na cuceka. Na gaskata ceto ta wurin Almasihu ne kaɗai. Amma cewa Almasihu ne kaɗai ƙofa daban, cewa ni nasan duk wanda ya shiga ta ƙofar daban. Furar kakarka da akuyoyinta basu sayi sama ba, kamar yadda baftismarka da zakkarka basu saya maka ba, kai da ita duk jinƙai kuke jira daga wuri ɗaya, kuma wanda zai yi shari'ar shine mai tabon ƙusa a hannu. Ibrahim ya tambaya a Farawa 18:25 ko mai shari'ar dukan duniya bazai yi daidai ba, Luka 12:47-48 kuma ta nuna ba ma'auni ɗaya ake yi wa wanda ya sani da wanda bai sani ba. Da wani ya tambayi Yesu a Luka 13 ko kaɗan ne zasu tsira bai bashi adadi ba, ce masa yayi kuyi ƙoƙari ku shiga ta ƙunƙuntar ƙofa, ya mayar da tambayar kan mai tambaya.

Don haka fatan da kake yi wa kakarka bai fitar da kai daga bangaskiya ba, ai abinda Allah yace yana so kake so. Abinda yake bani tsoro ni shine zuciyar da take jin daɗin maganar wuta, wadda in akace wane ya tsira sai ranta ya ɓaci. Yunusa yayi fushi har yana roƙon mutuwa don Allah ya tausaya wa Nineba mai mutum fiye da 120,000, wan ɗan nan da ya ɓace a Luka 15 ya ƙi shiga gida don an yanka wa ƙaninsa maraƙi, uban ne ya fito waje yana lallashinsa. Mai bishara na gaske in zai ambaci hukunci da hawaye yake ambata, kuma ba a tsakar gidan makoki ba gaban jikan da tsohuwa ta goya.

In zuciyarka ta ɗan kwanta ka sami mutumin nan ku biyu kawai ka faɗa masa abinda maganarsa tayi maka, watakila yaro ne da bai daɗe da fita makarantar Littafi ba kuma ba wanda ya taɓa gaya masa. Batun rashin barcin kuma kada ka riƙe shi kai kaɗai, ka sami wani dattijo da ka amince dashi ku dinga addu'a tare, in ya ƙi sauƙi ka ga likita. Ka gaishe min da mutanen gida, ka sake rubuto min in kun gana da mai bisharan inji yadda kukayi.